Butar da Ke Jira a Bakin Murhu

A Gubuchi, inda aka haife ni, ba a hura mana wutar tatsuniya daban. Ta mazarƙwaila muke ara. Da an fara saran rake, babanmu kan kafa injinsa a garkar bayan gida, doki na zagaye yana juya shi, ruwan rake na tsiyaya, shi kuma yana tsaye kan kasko tun hantsi har duhu ya rufa. Shekarun da aka ce Turawa sun naɗe kayansu ke nan, amma a garkarmu babu abin da ya sake. Dokin bai sami 'yanci ba, babanmu ma haka.

Bayan magariba Iya Dije, mahaifiyar babanmu, takan jawo tabarma kusa da murhu, mu kewaye ta kowa da guntun rake. Ni take fara tsokana: "Matso nan, mijin banza, ko ƙanzon kasko ba ka taɓa kawo mini ba." Sai ta gyara murya ta ce ga wata nan tafe da ƙafarta, mu ce ta shigo mu ji. Akwai guda ɗaya da ta fi maimaitawa, kuma in za ta yi ta takan ɗaga murya fiye da yadda kunnuwanmu ke bukata.

Wai an yi wani mai kasko da babu kamarsa a iya dahuwa. Kullum aka kira salla sai matarsa ta cika buta ta ajiye masa a gefen murhu don ruwan ya yi ɗumi, ta tafi ta yi tata. Shi kuwa sai ya ce, "Bari in sauke wannan." Kafin ya sauke, doki ya matso wani ruwan. In ya bar ruwan ya yi tsami, in ya bar kaskon ya ƙone, kuma bai yarda wani hannu ya taɓa ludayinsa ba. Ruwan butar ya yi ɗumi ya huce, matar ta zubar ta sake cikowa. Furfura ta fito masa, dokin ya mutu aka ɗaura wani.

"To sai me, Iya?"

"Sai me kuwa? Yana nan tsaye."

Mukan yi ta ƙorafi cewa tatsuniyar ba ta da ƙarshe, ko ƙurunƙus ba a yi mata. Babanmu dai ba ya waiwayowa, sai ya ƙara tura tuƙar rake cikin wuta. Iya ta rasu ba ta ƙarasa mana ba.

Da ƙarfin babanmu ya ƙare, ni na gaji ludayin, na gaji tsayuwar. Na auri Habi, 'yar wani malami a Kudan, wadda ko zazzaɓi take yi sai ta rarrafa ta yi alwala. A lokacin rake sallolina tara su nake in zubar a gurguje da dare, wata rana ma barci ya riga ni. Ba daɗi nake ji ba. Ina jin ladan na kira, amma masu saye daga Makarfi da Ikara suna jira, kaskon kuma bai san uzuri ba. Habi ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Ina dai hango ta ta ƙofar danga tana sallame salla, fuskarta a sake kamar wadda ta sauke tulu, ni kuma in ji kishin natsuwar nan har cikin raina.

Wata la'asar na juya sai ga buta a gefen murhu, Habi na tsaye kusa da ita. Ban kuwa taɓa ba ta labarin Iya ba. Na buɗe baki, kalmomin nan suka fito da kansu: "Bari in sauke wannan."

Ba ta koma ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Malam, ba ni ludayin."

"Ba ki san lokacin da yake kamawa ba. Zai ƙone."

"To ya ƙone. Na gaji da zubar da ruwan nan ko kafin in fara."

Na ba ta. Ina raka'a ta uku ƙauri ya iso hancina, na kusa sallamewa, na daure. Kaskon ya ƙone ƙurmus, dokin ma bai kalli abin da muka kankare ba. Washegari ta sake ƙona rabi. A hankali hannunta ya faɗa, la'asar ta zauna mini, azahar ta biyo, sauran suka samu wuri. Har yau in rake ya yi yawa nakan ji ludayin ya manne a tafina, sai Habi ta zo ta miƙo hannu.

Yanzu na gane dalilin da ya sa Iya ke ɗaga murya, da dalilin da ya hana ta yin ƙurunƙus. Wanda zai ƙarasa tatsuniyar yana bayanmu yana juya kasko, tana jiran ya saki ludayin ko sau ɗaya. Ranar da Habi ta fara sauke kasko lafiya, na ɗebi ƙanzon a hannu na tsaya daidai inda tabarmar Iya take zama, na rasa wa zan miƙa wa.