Inna Mai Taya da Surukinta

Shekara goma sha tara ke nan da Inna Mai Taya ta gaji shagon tayoyin mijinta, har yau kuma akwai mazan da za su leƙo su ce, "Ina mai shagon?" tana zaune a gabansu da ma'aunin iska a hannu. Abin da haushi, amma ita ta daina kulawa. Da tayoyin nan ta aurar da 'ya'ya huɗu.

Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta aiki da Turancin mai mota. Wani zai ce balansin, wato daidaita nauyin taya, alhali alaimen yake bukata, wato saita ƙafafun mota, wani kuma bai san bambancinsu ba, bakinsa ne kawai ke jin daɗin faɗa. Sai ta ce, "Ajiye Turancin. Me motar take yi maka?"

Ran nan da hantsi sai ga surukinta, malamin makaranta, zai kai 'yarta da jikoki uku tafiyar yini guda.

"Inna, balansin kawai za a yi, muna sauri."

"Sitiyarin rawa yake?"

"A'a, ja yake ta hagu."

"Malam, wannan ba balansin ba ne. Ƙafafun motar ne suka karkace."

Ya yi murmushin masu takarda. "Na karanta, Inna."

Da wata surukar ce, kunya za ta sa ta yi shiru. Inna dai ta dubi jikokin a kujerar baya, ta jawo jak ta ɗaga motar.

"Durƙusa. Sa hannu ta cikin tayar."

Ya durƙusa da farar rigarsa, ya shafa. Waya ta soke shi a yatsa. Ta waje tayar kamar sabuwa, ta ciki ta cinye har ƙarfe.

'Yar ta leƙo ta taga. "Abban yara, a wane shafi ka karanta wannan?"

Ya sa yatsan a baki yana tsotsa.

Inna ta sa masa sababbin tayoyi biyu, ta tura shi garejin da ke da na'urar saita ƙafa, domin ita ba ta karɓar aikin da ba nata ba. Jikokin kuwa ta riƙe su har ya dawo, suna buya a cikin tsofaffin tayoyi.

Sai washegari aka yi tafiyar. Da suka sauka ya kira ta.

"Inna, ta daina ja."

"Sannu da karatu," in ji ta, ta koma kan kujerarta.