An rufe ni cikin rumbu

Jama'a, yau an rufe ni da raina cikin rumbuna.

Tun shekarar ambaliya garinmu Kwaya bai ga zafi irin na bana ba. Da la'asar hadari ya haɗo, sai na shiga rumbun ƙasa in ɗebo irin gero. Ina duƙe na ga duhu. Ashe maƙwabcina Malam Idi ne ya hango rumbun a buɗe, ya kifa jinka, ya ɗaure, ya ruga gida. Na yi ta kira, ƙarar ruwa ta danne muryata. Numfashi ya yi wuya, na koma salati.

Da ruwa ya tsagaita na ji shi yana ce wa maiɗakina, "Bara Alhaji ya rufe mini nawa, yau na biya shi."

Na bubbuga bango na ce, "Ka biya, Malam, har da ƙari. Kwance igiyar."