Kaset ɗin ƙanena

Matso kusa, wagga magana ba ta ɗaga murya ba ce. Shekaranjiya jikana ya zauna tsakar gida da jita, garayar nan ta Turawa, ya jona ta da wani ɗan akwati mai sauya mata murya, ya ja wata siririyar waya da yake ce ma USB ya soka ga kwamfuta. Shi ke nan, kiɗin ya shige ciki. Na tashi na shiga ɗaki, don abin ya tono min ƙanena.

Zamanin soja ne, lokacin da kuɗin mai sunka malalo, har mai tura kura yana yawo da rediyo a kafaɗa. Muna Ƙofar Marke. Babanmu atamfa da shadda yake saidawa, kuma a gidanmu kiɗa aikin maroƙa ne, ko tafi ka cika yi sai an harare ka. Ƙanena yana aiki da masu yin titi. Can ya haɗu da wani ɗan Gana mai kiɗa a otal, ya sayi tsohuwar jitar lantarki a hannunsa, da akwatinta wanda in an taka da ƙafa sai sauti ya riƙa amsa kuwwa kamar cikin rijiya. Ƙarƙashin gado yake ɓoye su cikin bargo.

Ni kuwa na zo gida wankan haihuwar fari, na iske shi da tari. Inna ta ce ƙurar aiki ce. Amma tun ina ƙarama kunnena ya fi idona, na ji tarin nan daga can ƙasa yake fitowa. Shi ma ya sani. Wata rana ya ce min akwai wani kiɗa nasa da yake son ya bari a kaset, kuma ba ya son a daɗe.

Jitar lantarki in ba lasifika raɗa kawai take yi, lasifika kuwa ba ta shiga gidanmu. Dabararsa ita ce sautin ya bi waya daga akwati ya faɗa cikin rikodarsa kai tsaye, ba wanda ya ji. To kan wayar akwatin ƙato ne, ramin rikoda ƙarami. Sai ya yanke wayar makirfon rikodar, ya feƙe bakinta da reza, ya murɗa ta da ta akwatin, ya naɗe da salatif.

Bayan azahar munka yi, Baba na kasuwa, Inna ta tafi barka. Hannuwansa na kan jita, don haka ni anka sa ma ɗan abin saurare a kunne. Ba abin da na ji sai gurnani, kamar zuma a cikin tulu. Ya warware, ya sake murɗawa, gurnanin na nan. Zufa ta jiƙe masa riga. Can na kai hannu in gyara wayar, da yatsana ya danne mahaɗin sai gurnanin ya ɗauke ɗif.

"Yaya, kada ki ɗaga wanga yatsa, ko jinjirin ya yi kuka."

"In ya yi, kai ka ba shi nono?"

Ya yi dariya har ta koma tari, munka jira ta lafa. Sannan ya kaɗa. Ba waƙa a ciki. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, ya kira, kuwwa ta amsa, ya sake kira. A ɗakin ba a jin komai sai ɗan motsin tsirkiya da numfashinsa, duk kiɗin yana cikin kunnena ni kaɗai. Yatsana ya mutu, ban ɗaga ba.

Ban gama wanka ba ya rasu.

Bayan sadakar bakwai anka fito da kayansa. Baba bai yi faɗa ba. Ya daɗe zaune da jitar a cinya, sannan ya sa anka tsinke wayar, anka ɗauki jitar da akwatin anka mai da ma ɗan Ganan. Kaset ɗin ne ya hana shi sukuni, don wani malamin unguwa ya gaya masa duk ranar da anka kunna kiɗin, nauyinsa na bin mamaci har kabari. Baba ya ce ba zai fasa abin da ɗansa ya bari ba, zai dai sauya masa abin da ke ciki.

Ya yi alwala, ya shiga ɗakin marigayi, ya sa kaset ɗin cikin rikoda ya danna jan maɓallin ɗaukar magana. Ina bayan labule ina jinsa yana karanta Yasin, murya na yankewa, ya tsaya ya share hanci ya ci gaba. Na san kowace aya tana cin kiɗin ƙanena, ban hana shi ba. Da ya fito ya miƙo min, ya ce in riƙa saurare ina yi ma ɗan'uwana addu'a.

Sai da na koma ɗakina a Gidan Igwai na kunna. Ba kiɗa, ba karatu. Gurnani ne tun daga farko har ƙarshe. Maigidana ya ɗauko rikodar ƙanena da anka haɗo ni da ita, ya ga guntun wayar nan har yanzu soke a raminta. Ya ce muddin tana ciki, rikoda ba ta jin abin da ake faɗa a ɗaki, gogewa kawai take yi.

Baba ya yi shekaru bayan nan. Duk zuwan da na yi gida sai ya tambaye ni ko ina sauraren karatun, in ce masa ina saurare, fuskarsa ta saki. Haka ya koma ga Allah. To kai da ka ji, da kai ne, za ka iya gaya ma tsohon nan abin da ke cikin kaset ɗin?