Layin sama da ya ceci albasar Gwaggo

Yanzu da kowa ya zama ɗan jarida a cikin wayarsa, 'yata takan kawo mini rubutun da za ta ɗora a intanet, ta ce in gyara mata kanun. Ina karantawa in ga an yi gaisuwa, an yi shimfiɗa, maganar kuma tana can ƙasa tana barci. Sai in ja tsaki in yanke. Tana ce mini na cika zafi. Ni kuwa a bakin ruwan Yelwa na koyi aikin nan, ba a aji ba.

Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba na sami aiki a wani ofishin gona. Aikina in buga sanarwa da tafireta, in kai tashar jiragen ruwa in manna a jikin allon da aka kafe a wata bishiya. Mutanen tsibirai da ke zuwa kasuwa yawancinsu ba su karanta boko. Akwai wani mai shayi a gindin bishiyar da ya gama firamare, shi ne idonsu. In jirgi zai tashi, sai wani ya ɗaga murya ya tambaye shi abin da takarda ta ce. Shi kuma hannunsa na kan buta, sai ya ɗaga kai ya karanta layin sama kawai, ya koma kan shayinsa. Abin da ke layin nan shi ke tsallake ruwa, sauran ya tsaya a allo rana ta cinye.

Wata Litinin saƙo ya zo cewa ruwan tafkin da tsibiran suke ciki zai ƙaru sosai kafin Juma'a, masu noman rani a bakin gaɓa su janye. Nan take na tuna Gwaggona, ƙanwar mahaifina, da ke wani tsibiri ta wajen Ngaski. Mijinta ya rasu, albasar da take nomawa ita ce abincinta na shekara ita da 'ya'yanta, kuma a leɓen ruwa ta yi fangalinta saboda ba ta da mai ɗauko mata ruwa daga nesa.

Shugaban ofishinmu mutum ne mai son doguwar Hausa. Ya zauna ya shifta mini kanu: sanarwa ta musamman ga ɗaukacin al'ummar manoman rani na yankunan Yauri da Ngaski da Shanga dangane da yanayin ruwa. Na buga, na kai, na tsaya in ji. Jirgi na farko ya tambaya. Mai shayi ya duba ya ce, “Sanarwa ta musamman ce, ta gwamnati.” Aka tayar da inji aka tafi. Na ji kamar in ciji yatsana.

Ranar Talata na biya jirgi na je wurin Gwaggo da kaina. Ta saurare ni tana ban ruwa da ƙwarya, ko tsayawa ba ta yi ba.

“Ɗana, in da gaskiya na, da mun jiya daga tasha,” ta ce. “Ni kaɗai ba ni iya tumɓuke wagga albasa, sai an yi gayya. Wa za ya bar aikinai don maganar ɗan ofis guda?”

Na zagaya wurin maza uku, duk amsar ɗaya ce: ba a faɗa ba a tasha. Na dawo raina a ɓace.

Da sassafen Laraba na samo bayan wata tsohuwar kalanda da gawayi. Na fara rubutawa ina gogewa. Na sa gargaɗi, na ga kowace takardar ofis gargaɗi take yi. Na sa ambaliya, na tuna mutanen nan da ruwa suka girma, kalmar ba ta razana su. Abin da zai tsayar da su shi ne a kira sunan abin da za su rasa, a faɗi rana, a faɗi abin yi. Duk wanda na rubuta sai in faɗe shi da ƙarfi, in numfashina ya yanke kafin ƙarshe in rage, tunda da ƙarar inji zai yi gasa. Daga ƙarshe na tsaya a kan wannan: RUWA ZAI CI ALBASAR BAKIN GAƁA KAFIN JUMA'A, A KWASHE YAU.

Na manna shi a saman takardar shugaba. Mai shayi ya karanta sau ɗaya, ya ajiye buta, ya hau benci ya sake faɗa. Ban taɓa ganin ya bar butarsa don takarda ba sai ran nan. Masu jirgi suka ɗauka suna jefa wa juna a kan ruwa. Kafin azahar wasu sun fasa cin kasuwa sun juya.

Shugaba ya ji labari, ya kira ni ya wanke ni tas, wai na mai da takardar hukuma kiran mai tallan kifi. Na sunkuyar da kai na ce a yi haƙuri, amma ban je na cire ba.

Ruwan ya zo daren Alhamis, ya shafe gaɓar har ya wuce inda aka zata. Kwana huɗu ban ji ɗuriyar Gwaggo ba. Ranar kasuwa ina tsaye a tasha sai ga ta ta sauko daga jirgi, ƙafafunta duk taɓo. An yi mata gayya ranar Laraba da yamma, an mai da dashen kan tudu, fangali biyu kawai ta rasa.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna allon da haɓa.

“Ka gani? Wanda ya rubuta wancan shi yas san magana. Kai ka zo kana ta kewaye-kewaye. Ka neme shi ya koya maka.”

Mai shayi ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza masa kai. Daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa. Na karɓi kwandonta na ɗora a kai, na ce mata in Allah ya yarda zan neme shi.