Eirlys da Kabarin Bayan Katanga

Kullum da hantsi, ko ana ruwa ko ana iskar nan mai shiga ƙashi, Eirlys Prydderch takan hau tudun Pant-y-gog da bokiti da buroshi. Ta share majami'a, ta goge kujeru, ta fita maƙabarta ta kankare gansakuka daga duwatsun kaburbura. Tun tana amarya take wannan aiki, yau ga furfura ga ciwon gwiwa, ba a taɓa miƙewa a taro an ce mata sannu ba.

Bara aka rufe majami'ar, aka sayar wa wani kamfani da zai mai da ita masaukin 'yan hutu. An ce ba za a taɓa maƙabarta ba. Amma bayan katanga akwai tulin fararen duwatsu, ba suna ba rubutu, shi za a baje a yi wurin ajiye motoci, sai fa in wani jinin mamacin ya fito ya ce bai yarda ba.

"Tarin duwatsu ne kawai, Anti," in ji wakilin kamfanin.

"Ni ba antinka ba ce. Kuma mutum ce a nan, sunanta Marged."

Marged 'yar aikin gona ce a zamanin Sarauniya Biktoriya. Ta yi ciki ba aure, dattawan majami'a suka tsayar da ita gaban jama'a suka kore ta, shi kuwa mai cikin ko sunansa ba a ambata ba. Ta rasu wajen haihuwa, jaririyar ta rayu, ita kuwa aka binne ta a bayan katanga. Abin takaici ne, abin kunya ne. Hana ta wurin kwanciya bai isa ba, yanzu kuma a ɗora mata mota?

Eirlys ta shiga neman inda jaririyar ta yi. Rabin mutanen kwarin nan sunan zuriyarsu Jones, sauran Davies, da sunan gona ake gane mutum, don haka ta bi gona gona. Ta sha shayin da zai isa wanka. Wasu suka rufe mata ƙofa. Wata jikar dattawan ta ce, "Haba Eirlys, ki bar matattu su huta mana."

"Ai abin da nake roƙo ke nan," in ji ta.

Sai Lahadin Furanni ta zo, ranar da kowane gida ke kai fure kabarin nasa. Duk shekara Eirlys kan tarar da furanni a kan tulin, ba ta taɓa ganin mai kawowa ba. Wannan karon ta yi sammako ta zauna a gindin katanga. Sai ga Idwal Penrallt, tsohon makiyayin tumaki, yana waige-waige kamar ɓarawo.

"Idwal, me ya haɗa ka da ita?"

"Oho. Uwata ta yi, kakata ta yi. Cewa aka yi kada a fasa, kada kuma a gan ka."

"Kakar taka 'yar wa ce?"

"An ce marainiya ce."

"To a kwarin nan, wa ka taɓa gani ya kai fure kabarin bare?"

Idwal ya cire hularsa. Eirlys ta ja shi gidan kula da tsofaffi wurin yayarsa, wadda ta fashe da kuka ta ce haka ne, su jinin Marged ne, uwarsu ta gaya mata, ta kuma rantsar da ita kada ta faɗa wa kowa. Ranar da motar haƙa ta iso, ta tarar da Idwal zaune kan duwatsun da karensa. Motar ta juya.

Ke ce, Eirlys, mai wanke sunan matattu a jikin duwatsu, kika tono wanda aka binne da gangan. Ke ce kika cire wa gida guda kunyar da tun asali ba tasu ba ce. Mun gode, ko da yake godiyar tamu ta makara. Mu kuwa sauran, kowa ya je ya tambayi tsofaffinsa wa aka hana a ambata a gidansu, tun suna da bakin faɗi.

Bana, ranar Lahadin Furanni, da rana tsaka Idwal ya ratsa tsakiyar gari da furanninsa. Mai shago ta leƙo tana tsokana, "Idwal, budurwa aka yi?"

Ya ɗaga murya har can ƙarshen layi. "Na Marged ne. Uwar kakata."