Alawar Gyara a Tagar Akenese

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyenmu na bakin teku a tsibirin Savai'i, ya san tagar Inna Akenese tun kafin ya san baƙaƙe. Tagar tana kallon ƙofar makaranta, hanya ce kawai a tsakaninsu. Da an buga tsohuwar tukunyar gas da ke matsayin ƙararrawa, sai yara su kwararo, kowa da kwabonsa a dunƙule. Akwai taliyar leda da muke murƙushewa mu ci ɗanya, da ƙanƙara mai rina harshe, da lemon kwalba, da alawa cikin manyan kwalabe. 'Yan manyan aji kuwa ta baya suke zagayawa a miƙo musu taba kara ɗaya, wai babansu ne ya aiko su. Ta san ƙarya ce, sai ta yi dariya ta miƙa.

Akenese ba muguwa ba ce, wanda ya ce haka kuma da ni zai yi. Gyara ce ta cuce ta. Ba ta iya sallamar yaro da iyakar abin kuɗinsa. Maraya a ƙara masa, wanda ya sha bulalar malam a cika masa hannu. Daga nauyin tafinmu muke gane matsayinmu a zuciyarta. Wanda ya fi kowa samu shi ne ɗanta tilo, Lafaele, da ya tashi a bayan kanta, lemon kwalba ne ruwan shansa.

Ciwon suga ya fara masa daga ɗan yatsan ƙafa. Ya ci ƙafar, ya ci idanun, sannan ya sauka a ƙoda. Bai kai arba'in ba muka binne shi a ƙofar gida, inda kowa ke binne nasa, dab da tagar. Aka shafe kabarin da siminti, aka yi masa rumfa. Da yake akwai inuwa, yara suka mai da shi wurin zama, suna lilo da ƙafafu suna tsotsar ƙanƙara. Akenese ba ta kore su ba. Ta ce dama shi mai son hayaniya ne.

Tun daga lokacin ta fara ganinsu. Da rana tsaka fa, cikin layin yaran da suka fito hutun tara. Tsakanin yara masu rai sai ta hango fuskar wanda aka daɗe da yi wa addu'a a coci, ya dawo ƙarami cikin rigar makaranta, yana ƙwanƙwasa kwabo a katakon taga. Ba su taɓa yi mata magana ba, hannu kawai suke miƙowa. Mun sha ganin ta miƙa alawa inda babu kowa, alawar ta faɗi a yashi. Mukan kau da kai, don tausayinta ya fi ƙarfinmu.

Ana nan majalisar dattawan gari ta zauna ta yanke hukunci: ba alawa, ba lemon kwalba, ba taba kusa da makaranta. Taga ɗaya ce tak kusa da makaranta, don haka kowa ya san da wa ake. Aka rasa mai kai saƙon, sai Penaia, ɗaya daga masu sarauta, wanda ya yi aji ɗaya da Lafaele. Ya iso da hantsi yana dogara sanduna, ƙafar hagu an yanke ta daga gwiwa.

"A'a, Penaia mai majina!" in ji Akenese. "Sauran masu sarauta sanda ɗaya suke riƙewa, kai har biyu? Girman ya yi yawa."

"Ɗaya ta sarauta ce, Inna. Ɗayar kuwa a tagar nan na saye ta, kwabo-kwabo."

Ya faɗa da dariya, amma ita ba ta yi ba. Ya zauna a gefen kabarin abokinsa ya isar da saƙo. Ya ce ba a hana ta sana'a ba, ga gwanda, ga ayaba, ga dafaffen gwaza da kwakwa.

"Wa na ɗura wa?" Muryarta ta tashi. "Wa na ɗaure na zuba masa? Kai da kake zuwa da kuka, wa ya share maka hawaye? Yau kun yi gemu, ni ce mayyar gari?"

"Ba wanda ya ce haka, Inna."

"Kun ce mana! In na sauke kwalaben nan, ai na yarda ke nan ni na kwantar da shi nan." Ta nuna simintin da yake zaune a kai.

Penaia ya ce, "Ni ba maganar matattu ta kawo ni ba. Kin duba wuyan Sieni kuwa?"

Sieni 'yar Lafaele ce, tana aji biyu, ita kaɗai ta rage wa tsohuwar a duniya.

"Dauɗa ce," in ji Akenese. "Gadon ubanta. Shi ma haka na yi ta dirje masa da ɓawon kwakwa, ƙazamin yaro."

Penaia ya ja wuyan rigarsa ƙasa. Baƙin zobe ne a ƙeyarsa, mai kauri kamar an shafa toka. "Ba dauɗa ba ce, Inna. Nas ta ce sau da yawa haka suga ke aiko sallama tun yaro na ƙarami. Ta ce in an tare shi da wuri, yakan koma."

Akenese ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Amma da aka tashi makaranta ta ja Sieni bayan gida, ta zaunar da ita, ta sa sabulu da ɓawon kwakwa. Ta dirza har yarinyar ta yi kuka, fatar ta yi ja. Baƙin yana nan. Akenese ta tsaya da sabulu a hannu, ta tuna wuyan wani yaro da ta yi wa irin wannan dirzar shekara da shekaru tana zaginsa da ƙazanta, in ya yi kuka kuma ta lallashe shi da alawa. Tsoro ya kama ta irin wanda ko ranar binne shi ba ta ji ba.

Washegari babu kwalba ko ɗaya a tagar, sai tire na yankakkiyar gwanda. Aka buga tukunyar gas, yara suka kwararo, suka leƙa, suka watse suna gunaguni. Waɗancan da ita kaɗai ke gani ba su watse ba.

Sieni ta hau kabarin ubanta ta miƙo hannu kamar kullum. Kakar ta ɗora mata gwanda. Yarinyar ta dubi gwandar, ta dubi tsohuwar, idonta ya kawo ruwa.

"Kaka, me na yi miki? Kin daina sona ne?"

Akwai alawa ɗaya a aljihun Akenese, hannunta ya kai gare ta da kansa. A bayan yarinyar ga Lafaele nan ɗan aji biyu, shi ma ya miƙo nasa hannun. Ta damƙe alawar har ta narke mata a tafi, ba ta fito da ita ba.

"Ci gwandarki, uwata," in ji ta.