Taken da Halliru Ya Ƙi Kaɗawa

Yayana Halliru bai san ranar haihuwarsa ba sai da ya yi furfura. A gidanmu na mahauta a Kazaure wa yake da lokacin wannan? Abin da Inna take faɗa kawai shi ne tana naƙuda ranar da rediyo ya ce an raba ƙasa jihohi goma sha biyu, Babanmu yana ƙofar gida da maƙwabta sun kewaye akwatin rediyo, ko leƙowa bai yi ba. Sai daga baya 'yan boko suka lissafa, suka ce ai ashirin da bakwai ga watan Mayu ke nan, ranar da 'yan makaranta suke fareti. Wallahi da sun bar mu da rashin saninmu da ya fi mana alheri.

Ni ce Shatu, ƙanwarsa. Zoɓo da kunun aya nake sayarwa a gidan dambe tun ina budurwa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Da dambe Yaya ya fara, kamar kowane ɗa namiji a gidanmu. Baba da kansa ya naɗa masa ƙyalle da igiya a hannun dama, ya kai shi Roni bayan kaka. Aka haɗa shi da wani gajeren yaro daga Gwiwa, baƙi, mai kaurin wuya, wai shi Sama'ilu. Ko numfashi Yaya bai gama ja ba, yaron ya sakar masa hannu a baki. Haƙora biyu na gaba suka faɗi a ƙasa. Ya tashi yana tofar da jini yana dariya, Baba kuwa ya kwance masa hannu a gaban mutane ya ce ya je ya bi makaɗa, nan ba wurinsa ba ne. Washegari Sama'ilu ya zo masaukinsu da kwanon kunu, tunda ya san wanda ya daka ba zai iya tauna komai ba. Daga nan suka ƙulle.

Yaya ya rungumi kalangu, kuma Allah ya ba shi hannu. Wanda bai san dambe ba yana ɗauka kiɗan ado ne. Ina! Duk ɗan damben da ya isa yana da takensa, kiɗan da makaɗinsa ya yi masa shi kaɗai, da shi yake shiga fage. Da an kaɗa sai ka ga mutum ya miƙe yana karkarwa, ido ya juye, ko uwarsa ce a gabansa ba zai gane ta ba. In kuwa makaɗinsa yana wurin ya yi shiru, to babu shiga. Ko ya shiga ba wanda zai tsaya masa, don an san mai kiɗansa ya sallame shi. Ɗan dambe ya fi tsoron wannan kunyar a kan faɗuwa.

Taken farko da Yaya ya yi a rayuwarsa na Sama'ilu ne, wanda a lokacin aka fara kira Guduma. Da wannan take suka zaga Babura, Gwiwa, Roni, Yankwashi, duk inda aka share fage. Na ga Guduma ya karya wa mutum muƙamuƙi har bakinsa ya koma gefe. Na ga igiyar hannunsa ta tsage kunnen wani, kunnen yana reto, mutumin yana neman hularsa. Yaya yana gefe yana matsa kalangu a hammata, giɓinsa a waje, gumi yana zuba. Ni kuwa ina sayar da zoɓo ina ihu, ba zan ce ban ji daɗi ba.

Sai wata shekara a Babura, ranar kasuwa, 'yan Nijar suka tsallako da wani dogon saurayi. Ana liƙa naira ana liƙa sefa. Guduma ya riga ya haura arba'in, ƙafa ta yi nauyi, amma aka kaɗa take ya shiga. Dogon nan ya kewaye shi ya sauke masa hannu a bayan kunne. Daga inda na ajiye kulata na ji ƙarar. Ya faɗi ta fuska, ƙafafunsa suna shure-shure, jini yana fita ta kunne da hanci. Ranar ce na fara ganin Yaya ya yar da kalangu a ƙasa. Shi ya ɗauke shi a kafaɗa har bakin mota, shi ya yi jinyarsa a asibiti a Kano. Likita ya ce ƙashin kai ya tsage, ya ce kan nan ko mari mai ƙarfi ya sake samunsa, to sai dai a yi haƙuri.

Bayan an sallame su, matarsa Zubaida ta zo gidanmu da goyo a baya, ta durƙusa a zaure gaban Yaya.

"Yaya Halliru, ni ba zan iya hana shi ba. Kai ne za ka iya. Don Allah kada ka sake kaɗa masa."

Ya yi mata alkawari tsakaninsa da Allah, ina tsaye.

Guduma ya warke, idon hagu ya ɗan karkace, ya koma kiwon raguna a Gwiwa. In zafi ya yi yawa kai ya sara masa ya kwanta. Da farko yakan matsa wa Yaya, shi kuma ya yi ta kwana-kwana, yau fatar kalangu ta saki, gobe hannu yana ciwo. Daga baya Guduma ya daina zuwa gidan dambe ɗungurungum, don jin taken wasu yana sa shi hawaye. Amma duk Juma'a sai ya hau babur ya zo Kazaure, su zauna a rumfar tsire su yi ta gardamar wanda ya fi wani tsufa. Shekaru suka tafi a haka, lafiya lau.

Sai ga Zaharadeen. Mai sayar da waya ne a bakin tasha, shi ne shugaban ƙungiyar masoya dambe, mutum ne mai son a gan shi. Shi ya ji labarin Inna da rediyo, ya ce ai manyan mawaƙa duk ana yi musu bikin zagayowar ranar haihuwa, don me ba za a yi wa namu ba? Na ce wa Yaya kada ya yarda, mu ba al'adarmu ba ce. Amma da aka nuna masa ƙyallen da aka buga hotonsa a jiki, ƙato, har giɓin ya fito, sai bakinsa ya ƙi rufuwa. Shi ma fa yana son yabo, kada ku ɗauka waliyyi ne. Aka sa Madam Monica ta yi kek mai siffar kalangu. Aka tsara cewa bayan samari sun yi dambe, Yaya zai kaɗa taken duk tsofaffin da ya taɓa yi wa kiɗa, kowa ya tashi ya zaga fage a yi masa liƙi. Kuma don tsabar wayo suka gayyato Guduma babban baƙo, suka ba shi kujerar gaba. A cikin masu shirin nan kaf babu wanda ya tsaya ya yi tunani.

Ranar bayan la'asar aka fara. Zafi ne irin na ƙarshen bazara, an yi shuka da ruwan farko ana jiran na biyu, hadari ya tsaya a kan duwatsu ya ƙi matsowa. Kek ɗin Madam har ya fara narkewa. Wani saurayi daga Yankwashi, Musaddiƙ, ya kayar da mutum biyu a jere, na biyun leɓensa ya rabe har haɓa, aka fita da shi ana danna masa riga a baki. Jama'a suka haukace. Na kai wa Guduma zoɓo a kujerarsa, sai ya karɓa da hagu. Hannun dama yana cikin babbar riga.

Yaya ya fara kiran tsofaffi da kalangu. Wannan ya tashi da tumbinsa yana girgiza hannu, wancan da sandarsa, ana dariya ana liƙi. Ya kira kowa, har wanda bai taɓa kayar da ko akuya ba. Sai ya sauke sandar kiɗa ya ce an gama. Kowa a wurin ya san wanda aka tsallake. A nan ne ɗan banzan yaron nan Musaddiƙ, nasara ta hau masa kai, ya tako ya tsuguna gaban Guduma ya miƙa masa dunƙulallen hannu. A dambe wannan gayyata ce. Guduma ya miƙe ya tuɓe babbar riga. Hannun a naɗe yake tun daga gida.

Bai kalli yaron ba, wurin Yaya ya nufa.

"Halliru, kowa ka kira. Saura ni."

"Na sani, Guduma. Zauna a yanka kek."

"Ka kaɗa min."

"Ba zan kaɗa ba."

Ya roƙe shi, da kunnena na ji. Ya ce sau ɗaya kawai, ya ce kada ya binne shi da rai a gaban yaran da aka haifa a idonsa. Yaya ya sake ce masa ba zai kaɗa ba. Sai kawai na ga hannun Guduma ya tashi. A kunci ya same shi, Yaya ya yi baya ya faɗa kan teburin kek, tebur ya kife. Wasu har tafi suka yi, sun ɗauka shiri ne. Ya tashi, kumatu ya fashe, ya tsaya a inda yake. Guduma ya ƙara masa a ciki, ya ƙara a haƙarƙari, yana duka yana kuka yana cewa ka kaɗa. Hamma, wanda yake bin Yaya da kalangu na biyu, ya ga za a kashe masa maigida, sai ya ɗaga sanda ya saki bugun farko na taken. Daga ƙasa Yaya ya yi tsalle ya rungumo Hamma, suka zube tare, ya sa gwiwa ya fasa fatar kalangun Hamma, ya jawo nasa ya fasa shi da dutse.

Guduma ya tsinci sandar kiɗa ya cusa masa a hannu, alhali babu sauran abin kaɗawa, hankali ya riga ya tafi. Yaya ya buɗe yatsu sanda ta faɗi. Ya sake cusawa, ya sake saki. Sai ya danne hannun daman Yaya a kan benci ya shiga kirɓa. Na ji ƙashi yana karyewa. Har gobe ina jin wannan ƙarar in na kwanta.

Sannan ne mutane suka farka. Samarin gidanmu suka yo kansa da kujeru da itace, ni ma na tsinci ƙaton dutse, kuma kansa na nufa, na san sarai inda ya tsage. Da na samu hanya da na sauke masa, ba na ɓoyewa. Amma Yaya ya riga mu. Da hannun da ya rage masa ya shaƙo wuyan Guduma ya kayar da shi, ya kwanta a kansa, ya tura kan mutumin a ƙarƙashin ƙirjinsa.

"Kada wanda ya taɓa kansa! Ku doke ni, kada ku taɓa kansa!"

Kafin su tsaya, kujera ta sauka a bayansa, itace ya fasa masa ƙeya. Bai ɗaga ba har sai da dattawa suka kore kowa, aka zare Guduma daga ƙarƙashinsa, jikinsa duk jinin Yaya, kansa ko ƙwarzane babu. Zaharadeen kuwa tun bugun farko ba a sake ganinsa ba. Da 'yan sanda suka zo, Yaya ya ce faɗuwa ya yi, suka dube shi suka dubi juna suka tafi.

Mai ɗori a Roni ya yi iya ƙoƙarinsa, asibiti ma sun yi. Yatsu uku suka ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Ko cokali ba ya riƙewa da dama, balle sandar kiɗa. Yanzu yana zama a rumfar ƙaninmu a kasuwa, yana korar ƙuda daga kan nama da hagu. Hamma ne yake kiɗa a gidan dambe, kuma ba don yana raina shi ba, in an fara Yaya yakan tashi ya koma gida.

Zubaida ta zo ta yi kuka har ta shiɗe. Mijinta bai zo ba. Har yau bai zo ba, ko saƙon sannu bai aiko ba. Wai shi aka ci wa mutunci, ku ji fa.

Ran kasuwar da ta wuce ina rumfar, sai ga Guduma ya shigo da raguna biyu, 'yarsa tana riƙe da igiyar ɗaya, wadda aka goyo zuwa zaurenmu, yanzu ta zama budurwa. Ya hango Yaya, ya kawar da kai ya wuce. Raina ya ɓaci, na fara zazzaga wa Yaya abin da ya zo bakina, na ce mutumin da ya cinye maka hannu ko gaisuwa ba zai iya ba. Yaya bai ji ni ba ma. Ya miƙe tsaye yana leƙen bayansa har ya shige cikin masu awaki.

"Shatu, kin ga tafiyarsa? Ko tangaɗi ba ya yi. Har ƙiba ya yi."

Na ce ƙibar banza, na ce gaisuwar fa? Ya koma ya zauna, ya ɗauki mafici da hagu.

"Ya riƙe gaisuwarsa. Shi nake so in gani yana wucewa."